Jiragen ƙasa na wasa da aka bari gado: yadda ake gane su, a kimanta, a sayar daga Damagaram

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu bara. Da muka buɗe ɗakinsa a gidanmu na Birni don rabon gado, sai muka tarar da adaka biyu cike da ƙananan jiragen ƙasa: kawuna, taragu, guntayen layin dogo, da wasu akwatunan wuta masu waya. Ya yi karatu a Faransa a shekarun 1970, da su ya dawo, kuma ya ci gaba da saye duk sanda ya yi tafiya. Wasu suna cikin kwalayensu, an rubuta Jouef, Lima, Märklin. Wani mai sayen tsofaffin kaya a Kasuwar Dole ya taya su jika 60 gaba ɗaya, yayata kuma ta ce a raba wa yara su yi wasa. Ni kuwa na ga irinsu a intanet da tsada. Yaya zan san abin da ke hannunmu, nawa ya kai, kuma ina ake sayarwa?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ƙanena, na daɗe ina gyaran waɗannan jirage, ina kuma dillancinsu tsakanin nan da Faransa, saboda haka ga abin da nake gani. Kada ka sallama a jika 60 yanzu, kada a raba wa yara tukuna, kuma kada kowa ya jona ko ɗaya da wuta. Ba wai na tabbata akwai dukiya a adakar ba. A galibin tarin da ake bari gado, kuɗin yana cikin kawuna biyu ko uku ne, sauran nauyi ne kawai. Aikinka shi ne ka gano waɗannan biyu ko ukun kafin su lalace, ko su bi sauran a farashin tarkace.

Kafin komai, kayan nan na magada ne duka, har da iyayenku mata da ƙananan yara idan akwai. Ka tara su ka yi musu bayani, a wakilta mutum ɗaya a gaban shaidu, a ƙirga kayan a gaban aƙalla mutum biyu, a rubuta. Ka roƙi malamin da ke raba muku gado a ware wannan ɓangaren a jinkirta shi har a san ƙimarsa, sauran dukiya a ci gaba da rabonta. Wanda yake son ya riƙe wani jirgi don tunawa da Baba, a yi masa ƙima a cire daga kasonsa. Abin da ba zan ba ku shawara ba shi ne a raba jiragen ɗaiɗai, wannan ya ɗauki kai, wancan ya ɗauki taragu. Jirgin da aka sayar da shi jeri guda cikin kwali ɗaya, in aka warwatsa shi, kowane yanki ya faɗi.

Mutumin Kasuwar Dole kuwa, ba lallai ne zaluntarku yake son yi ba. Yana lissafi ne da masu sayen da yake da su, wato iyayen yara da masu tsintar ƙarfe. Mu nan ba mu tashi da jirgin ƙasa ba. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, can ya tsaya, gyaɗar Damagaram ma a da sai an kai ta Najeriya take hawa jirgi. Layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai shiga jigila ba, na Kano zuwa Maraɗi kuma ana kan aikinsa. Masu zuba kuɗi a kan waɗannan kaya galibi dattawan Turai ne da suka girma a bakin tasha, yanzu suna sayen abin da iyayensu suka kasa saya musu suna yara. Kasuwar tana Faransa, Jamus, Beljiyam, Holan, Suwizalan da Ingila. Duk lissafin da za ka yi, sai ka sa wannan nisan a ciki.

To, mu buɗe adaka. Ka zaɓi ɗaki mai inuwa wanda ake iya kullewa, ka shimfiɗa tabarma, ka ɗora farin zane a kai. Kafin ka ɗaga komai, ka ɗauki hoton cikin adakar yadda take, don inda abu yake kwance yakan nuna abokin tafiyarsa. Ka fito da su ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe kowane kai ta gefen ciki da hannu biyu, ba ta rufinsa ba, musamman masu ƴan ƙarafan nan na sama da ke kwaikwayon ɗaukar wuta daga waya, don da ɗan matsi suke lanƙwashewa. In ka kai ƙasan adaka, kada ka zazzage ƙurar a waje. Ka tankaɗe ta da rariya a kan faranti. A ciki za ka tsinci ƙananan ƙugiyoyin haɗa taragu, tsani, fitila, bututun hayaƙi, ƴan kusoshi, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kowannensu daga jikin wani jirgi ya faɗo, kuma kan da ya rasa ɗaya daga cikinsu farashinsa ya sauka. Ka zuba su a kwalba mai murfi. Takardu ma haka: littafin kamfani mai hotuna, takardar bayanin aiki, rasit, har da kwalin da babu komai a ciki, kada a hura wuta da ko ɗaya.

Sai ka kifa kowane kai da kowane tarago a tafin hannunka. Sunan kamfani yana ƙarƙashi, a zane jikin roba ko ƙarfe, sau da yawa tare da ƙasar da aka ƙera shi. Lambar kaya kuma tana gefen kwali, wani lokaci a ƙarƙashin ma. Ka kula, lambar da ke rubuce a gefen jirgin, irin su BB 9201 ko CC 7107, lambar jirgin gaskiya ce da aka kwaikwaya, ba lambar kamfanin wasan ba. Duka biyun za ka rubuta, amma ta kwali ita ce ta fi saurin kai ka ga farashi. Ka sami littafin rubutu, kowane abu layi ɗaya: lambar da ka ba shi, kamfani, lambar kaya, launi, ko yana da kwali, da aibin da ka gani. Hoto huɗu ga kowane kai: gefe biyu, sama, ƙarƙashi, a hasken rana cikin inuwa, ba da fitilar waya ba.

Girma shi ne abu na biyu. Ka ari rular ɗan makaranta ka auna tsakanin ƙarafan layin dogo biyu, daga ciki zuwa ciki. In ka sami milimita 16.5, wannan shi ne HO, wato jirgin gaskiya an rage shi sau 87, kuma ina kyautata zaton mafi yawan naku shi ne, don shi ya mamaye Faransa a zamanin da Baba yake can. Ingila tana amfani da faɗin layi iri ɗaya amma jiki ya ɗan fi girma, suna ce masa OO, an rage sau 76. Milimita 9 shi ne N, sau 160. Milimita 6.5 shi ne Z, sau 220, wanda Märklin ta fito da shi a 1972. Milimita 32 shi ne O, manyan nan na da, kuma in ka ga irinsu na gwangwani ne ka ware su gefe. Milimita 45 kuwa ko dai girman da ake kira lamba 1 ne ko na kamfanin LGB da ake shimfiɗawa a lambu.

A nan akwai wurin da mutane ke ƙona kuɗinsu da hannunsu. Jouef, Lima, Roco da Fleischmann suna aiki da wuta irin ta batir, kusan bolt 12, ƙarfe ɗaya na layi ya kawo, ɗayan ya mayar. Märklin ta HO ba haka take ba. Kifa kan Märklin, za ka ga wani dogon ƙarfe siriri mai sheƙi a tsakiyar cikinsa, tsakanin ƙafafu, layinta kuma yana da ƴan ɗigo-ɗigon ƙarfe a jere a tsakiya. Wannan ƙarfen shi ke shan wuta daga ɗigon, wutar kuma mai kai-komo ce, wajen bolt 16. Taransifomarta tana da wata dabara: in aka murɗa maɓallin baya, takan harba wuta mai ƙarfi fiye da ta tafiya don jirgin ya juya. Ka ɗora kan Jouef a wannan wutar, zai yi gurnani, ya yi wari, shi ke nan. Tun da tarin naku gauraye ne, akwai taransifoma iri biyu a adakar nan, kuma wanda bai sani ba ba zai bambanta su ba.

Taransifomar kanta abar tsoro ce. Wasu tsofaffin na Faransa an yi su ne don wutar bolt 110 ko 127, tamu kuwa 220 ce. Ko wadda ta dace da wutarmu, robar wayarta ta sha zafin bazara shekara da shekaru, ta bushe ta tsattsage, wasu kuma jikinsu ƙarfe ne. A bar su a kwance.

Shekarun kaya ana gane su ta hanyoyi da dama. In an rubuta "Western Germany" ko "West Germany", kafin haɗewar Jamus ne a 1990. In ka ga "US Zone", na bayan yaƙin duniya na biyu ne kai tsaye, daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950. Piko mai ɗauke da GDR ko DDR daga Jamus ta Gabas ta fito. Märklin, wadda aka kafa a garin Göppingen tun 1859, da tana sa wa kawunan HO haruffa da lamba 800, irin su CM 800 ko CCS 800, sai a 1957 ta koma lambobi huɗu kamar 3000 da 3015. Saboda haka haruffa da 800 alama ce ta tsufa na gaske. Jouef kuwa an kafa ta a 1944, masana'antarta tana Champagnole a gabashin Faransa har aka rufe ta a 2001. A 2004 kamfanin Hornby na Ingila ya sayi sunan tare da Lima, Rivarossi da Arnold, daga nan aka koma ƙera su a Sin. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ka dubi jirgin da aka kwaikwaya, don ɗan wasa ba ya girme wa na gaskiya. TGV, jirgin Faransa mai tsananin gudu, mai ruwan lemo ya fara jigila a 1981, taragun fasinja na Corail a 1975, SNCF kansa, kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, a 1938 aka kafa shi. In wani ya ce maka TGV ɗinku na zamanin Turawan mulki ne, ka san da wa kake magana.

Ka kuma duba abin da aka yi jikin da shi, da ɗan maganaɗisu a hannu. Wanda ya kama maganaɗisu, mara nauyi, mai zane a jikin gwangwani, wani lokaci da ramin mabuɗin murɗawa a gefe, tsohon ƙira ne irin na JEP, ko Hornby da aka yi a Faransa, ko Bing ta Nuremberg wadda ta durƙushe a farkon shekarun 1930. Mai nauyi da sanyi a hannu wanda jikinsa bai kama ba, zubin zamak ne, wani gami na tutiya. Roba kuma ka san ta. Akwai na huɗu wanda ba safai ake samu ba: na tagulla, haɗin hannu, ɗauke da suna irin Fulgurex ko Lemaco na Suwizalan, ko Tenshodo na Japan, sau da yawa da ɗan faranti a ƙarƙashi mai lamba biyu da ke nuna na nawa ne cikin adadin da aka ƙera. In ka ci karo da irin wannan, ka nannaɗe shi ka kai shi ɗakin da ya fi tsaro, don shi kaɗai yana iya fin duk sauran adakar.

Yanzu lafiyar kayan, wadda ita ce rabin farashi. Busasshiyar iskarmu ta yi muku rana ta fuskar tsatsa, don abin da ke cinye irin waɗannan kaya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Turai ba ya samun wuri a Zinder, sai dai in rufi ya yi yoyo da damina. Amma zafi da ƙura da gara sun karɓi aikin. Ka ɗora kowane tarago na roba a kan gilashi ko tebur mai santsi, ka sunkuya ka duba: in rufinsa ya yi doro ko ƙafa ɗaya tana lilo a sama, zafi ya murɗe shi, kuma ba ya gyaruwa. Ka buɗe kwalaye ka duba soson da aka shimfiɗa a ciki. Tsohon soso mai ruwan ɗorawa yakan ruɓe ya zama gari mai danƙo, ya manne a fenti ya ci shi. In ka ga haka, ka ciro jirgin, ka kakkaɓe garin da buroshi mai laushi, irin wanda mata ke shafa hoda da shi, ka zubar da soson, ka ajiye kwalin. Na zamak kuma suna da tasu cutar. In tun wajen zubi darma ta gauraya da gamin, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya yi tsaga-tsaga ƙanana, ƙafafu su ƙi juyawa, daga ƙarshe ya marmashe a hannu. An fi ganinta a kayan shekarun 1930 zuwa 1950, ba ta da magani, amma ba ta yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Wanda ya kamu, ana sayar da shi ne don a ciri kayan gyara.

Buroshin nan shi ne iyakar tsaftar da na yarje maka. Ban da ruwa da omo, ban da kalanzir, ban da fetur, ban da man feshi na kwance tsatsa, ban da goge ƙarfe don ya yi sheƙi, ban da taɓa fenti ko da ɗigo ɗaya. Rubuce-rubucen da ke jikin taragu da ruwan sabulu kaɗai suna iya gogewa. Mai tara waɗannan kaya ya fi son tsohon fenti mai ƙwarzane a kan sabon fenti mai kyau, kuma idonsa yana gane gyara daga hoto. Kada kuma ka kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe, komai ƙwarewarsa a nasa fagen. Jikin roba da ƴan haƙora yake kama da gindinsa, wanda bai san inda suke ba sai ya karya.

In kana son sanin ko kan Jouef ko Lima yana da rai, akwai gwaji mara haɗari. Ka sami batir ɗin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9, ka kifa kan a kan tsumma, ka taɓa bakin batir ɗaya a ƙafar dama, ɗayan a ƙafar hagu, cikin ƙafafun ƙarfe masu ɗaukar wuta. In suka juya, ka rubuta yana aiki. In ya yi ƙara bai juya ba, ka ɗauke hannunka nan take. Galibi maikon ciki ne ya daskare ya haɗu da ƙurar hunturu, kuma in ka matsa masa injin zai ƙone ko haƙorin giya ya fashe. Na Märklin ka bar su, ka rubuta ba a gwada ba. Masu saye sun saba da wannan kalmar, kuma ta fi musu daɗi a kan a ce yana aiki su tarar ba haka ba.

Sai farashi, inda intanet ke ruɗa mutane. Abin da ka gani da tsada, kuɗin da mai kaya ya sa ne. Ka san a kasuwar dabbobi ranar Alhamis mai rago yana iya cewa jika 300, amma farashin rago shi ne inda aka ce an sallama aka tafa. A eBay na Faransa ka rubuta sunan kamfani da lambar kaya, sannan ka danna inda aka rubuta "Ventes réussies", zai nuna maka waɗanda aka saya da gaske da abin da aka biya. Ka duba guda biyar ko shida, ka watsar da mafi tsada da mafi arha, ka kwatanta sauran da naka: nasu yana da kwali? Naka fa? Shafukan Interencheres da Drouot suna nuna sakamakon gwanjo a Faransa. Ga Märklin akwai kundin farashi na Koll da Jamusawa ke dogara da shi wajen bambanta zubi da zubi, sai dai farashin da ke ciki yakan fi abin da hannu ke karɓa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, saboda haka ka ninka da 656 ka huta.

Tsufa shi kaɗai ba ya kawo kuɗi. Ƙaramin baƙin kan Märklin mai lamba 3000, wanda ya fara fitowa a 1953 da sunan CM 800, an ƙera miliyoyinsa, kusan kowane gidan Jamus da ya yi wannan wasa yana da shi, don haka kuɗinsa kaɗan ne duk da shekarunsa. Amma koren nan mai dogon hanci gaba da baya wanda ake wa laƙabi da Kada, CCS 800 da magajinsa 3015, yana kaiwa ɗaruruwan yuro, zubin farko-farko mai lafiya da kwalinsa kuma ya haura dubu. Jouef da Lima na shekarun 1970 kayan talakawa ne, a manyan kantuna ake sayar da su lokacin Kirsimeti: tarago na yau da kullum bai cika wuce ƴan yuro ba, kai kuma ƴan gomomi. Kada wannan ya kashe maka jiki, gaskiyar kasuwar ke nan. Hornby-acHO da aka yi a Faransa daga 1960, da JEP, da Rivarossi, suna da masu nemansu. Sau da yawa ma Roco ko Fleischmann da Baba ya saya a tafiyarsa ta baya-bayan nan zai fi tsohon Jouef kuɗi, don ƙirarsa ta fi kyau kuma har yanzu ana iya tuƙa shi. Kwali na asali mai lamba daidai da abin da ke ciki yana ƙara daraja sosai, ko da gara ta ɗan taɓa shi.

Da ka gama wannan, kayan za su rabu kashi uku da kansu. Na farko ƴan ƙalilan masu daraja, waɗanda za a sayar ɗaya-ɗaya. Na biyu matsakaita, waɗanda za a haɗa su rukuni-rukuni, kamfani ɗaya, girma ɗaya, misali kai ɗaya da taragunsa na fasinja. Na uku layin dogo, taransifoma, gidajen roba, bishiyoyi da karyayyu. Wannan na ukun bai cancanci ya hau jirgin sama ba, kuɗin aika shi ya fi kuɗinsa. Shi ne za ka koma wa mai tayin nan da shi, ko a bar wa yara manya da'ira ɗaya da kan Lima da sabuwar na'urar wuta. Ƙananan yara dai a nisanta su, saboda ƴan guntayen da ake haɗiyewa, da kuma fentin tsofaffin na gwangwani wanda yakan ƙunshi darma.

Ka yi lissafin abin da zai shigo hannu, ba abin da aka buga a gwanjo ba. A ce, misali kawai, an sayi kai ɗaya yuro 100, wato sefa 65,600. Dandalin da aka sayar a kai zai cire kamasho, a biya kuɗin aikawa, a biya haraji wajen shiga Turai, a biya kuɗin turo kuɗin gida, wanda ya yi wahala a can kuma a ba shi la'adarsa. Abin da ya rage shi ne naku. Tarago na yuro 5 kuwa, sefa 3,300 ke nan, ko kuɗin kwalinsa zuwa Yamai bai biya ba in shi kaɗai ya tafi.

Hanyar da na ga ta fi yi wa mutanenmu aiki ita ce a sami ɗan'uwa amintacce mazaunin Faransa ko Beljiyam, mai adireshi da asusun banki a can. Dalili shi ne mai saye a Turai yana ɗari-ɗari da kayan da za su taso daga nesa, shafin saye da sayarwa irin Leboncoin kuma an gina shi ne don mazauna Faransa. Daga hannunsa hanyoyi sun rabu. Yana iya sayarwa ɗaya-ɗaya a eBay ko Leboncoin, wanda ya fi kawo kuɗi amma ya fi cin lokaci da amsa tambayoyi. Yana iya sa masu darajar a shafin gwanjo na Catawiki, inda masana ke dubawa kafin a karɓa. Yana iya kai su gidan gwanjo da ya ƙware a kayan wasa, garin Chartres ya yi suna a wannan. Irin waɗannan gidaje sukan yi ƙima kyauta daga hotuna, kuma wannan kana iya yi tun daga ɗakinka, ka aika musu jerin da ka rubuta da hotunan kashi na farko ta imel. Ka tambaye su nawa suke cirewa, ko za a sa farashin da ba a sauka ƙasa da shi, da yaushe suke biya. Akwai kuma kasuwannin ƙarshen mako da ƙungiyoyin masu wannan sha'awa ke shiryawa, da kantunan da ke sayen tari gaba ɗaya. Kanti zai biya nan take, amma kada ka yi tsammanin fiye da rabin abin da shi zai sayar, sau da yawa ma ƙasa da haka, don shi zai gyara, ya ajiye, ya jira. Lokaci ma yana da tasiri: kasuwar takan yi zafi daga kaka zuwa sanyin Turai, gab da Kirsimeti, ta yi sanyi a Yuli da Agusta da kowa ya tafi hutu.

Ƙungiyoyin Facebook na masu tara jiragen Jouef ko Märklin suna da amfani wajen gane abin da ya shige maka duhu, dattawan nan suna son a tambaye su. Amma ka sa hoton jirgi kawai, ban da hoton adakar gaba ɗaya, ban da unguwarku. Wanda ya biyo ka ta saƙo yana cewa zai biya fiye da abin da ka nema, ka mayar masa da ragowar, ko ka fara turo kuɗin wata takarda, ɗan damfara ne. Wanda kuma ya zo gida ya ce duk tarkace ne amma zai taimaka ya ɗauki uku kacal, ka lura da ukun da ya zaɓa, ka rubuta lambobinsu, ka ce masa sai kun yi shawara.

Ɗauri shi ne na ƙarshe, kuma a nan kaya da yawa ke mutuwa. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne na girgiza kafin a kai filin jirgi. Kowane kai a nannaɗe shi da farar takarda mai laushi mara tawada, don jarida tana barin baƙi a fenti, ledar nan mai ƙurajen iska kuma in ta taɓa fenti kai tsaye cikin zafi takan bar tambarinta. Takarda tukuna, leda daga baya. A mayar da shi kwalinsa, a cike gurbin da ya rage yadda in ka girgiza ba za ka ji motsi ba. Masu nauyi a ƙasa, kada kan zamak ya kwanta a kan taragon roba. Kwali cikin kwali, da abin tsaro tsakaninsu, kuma a ɗauki hoto kafin a rufe. In matafiyi ne zai tafi da su, masu darajar su shiga jakar hannu. Wanda ya shiga Tarayyar Turai ta jirgin sama an yafe masa kaya na amfanin kansa har yuro 430, abin da ya wuce haka ko wanda aka kawo don sayarwa sai an bayyana shi ga duwan. In ta gidan waya ko kamfanin aika kaya ne, a ɗauki mai lambar bibiya da inshora, a cike takardar duwan ta CN23 da gaskiya, a rubuta cewa tsofaffin jiragen wasa ne da ƙimarsu ta haƙiƙa, don inshora ba ta biyan fiye da abin da aka rubuta. Tun 1 ga Yulin 2021 duk kunshin kayan sayarwa da ya shiga Tarayyar Turai ana biya masa harajin TVA komai ƙanƙantarsa, a Faransa kashi 20 cikin 100 ne, saboda haka ku daidaita a rubuce da wanda zai karɓa, tun kafin kayan su bar gida, kan wa zai biya shi.